Wanke Hannu a Garin Rijiya Dubu

Salaga gari ne da hanya ta haifa. Fatake daga Kano da Katsina da Borno sun yi ta tako ƙasa wata da watanni da jakunansu saboda goron Asante, har tafiyar ta samu sunanta a bakin Bahaushe, fataucin Gwanja. Hanya kuwa ba ta zaɓen kaya. Ta kawo mana kanwa da tufafi da malamai da littattafai, ta kawo bayin da har yau baƙi ke zuwa kallon rijiyoyin da aka yi musu wanka, ta kuma kawo cuta. Don haka in ɗan Salaga ya buɗe baki a kan annoba, ba aron labarin wasu ya yi ba.

A ƙarshen watan Agusta na 1918 wani jirgin ruwa da ya taso daga Saliyo ya tsaya a Cape Coast da marasa lafiya a cikinsa. Murar nan da ta game duniya a ƙarshen yaƙin duniya na farko, wadda tsofaffin ƙasar Hausa ke kira marisuwa, ta nan ta shigo mana. Ta bi layin dogo zuwa Kumasi, ta bi sawun fatake ta haye kogin Volta, kafin shekara ta fita ta mamaye arewa. Masanin tarihi K. David Patterson ya ƙiyasta cewa mutanen da ta kashe a ƙasar da ta zama Gana sun kai 100,000 cikin 'yan watanni. Turawan mulki sun hana taro, sun tsare hanyoyi, ba ta tsaya ba, suka tattara alƙalumansu a rahoto suka aika sama. Alhaji Umaru kuwa, malamin nan haifaffen Kano wanda ya zauna a Salaga har basasar 1892 ta mai da shi Kete-Krachi, waƙa ya rubuta a kanta. Tun da na san wannan nake ganin kowace annoba tana barin littafi biyu. Na hukuma yana cike da lambobi da dokoki. Na jama'a yana cike da sunayen waɗanda aka wanke aka kai makwanci, da abin da aka ji daga bakin wanda aka yarda da shi.

Aikina gabatar da shirye-shiryen Hausa ne a wani gidan rediyo a yankin nan, kuma a 2020 na tsinci kujerata a tsakanin littattafan nan biyu. Ranar 12 ga Maris aka tabbatar da mutum biyu na farko masu korona a Gana, ɗaya ya dawo daga Norway, ɗaya daga Turkiyya. Ranar Lahadi 15 ga wata Shugaba Nana Akufo-Addo ya rufe makarantu, ya dakatar da sallar jam'i da taron coci, ya ce jana'iza kada ta wuce mutum 25. Bayan mako guda aka rufe iyakoki. Daga nan ƙasa ta saba da jawabinsa na dare, galibi ran Lahadi, kusan dukansa da Turanci. Nakan zauna da biro da takarda ina saurare, domin gari na wayewa ni zan mai da shi Hausa, abokan aikina kuma su mai da shi Gwanjanci da Dagwambanci.

A makarantar koyon aikin jarida tantance labari aka fi nanata mana, amma a shekarar nan fassara ce ta zame mini babban aiki. Kalmar da aka ba mu ta ba da tazara, in ka juya ta yadda take, cewa take a nisanci jama'a. A garin da rashin zuwa gaisuwar mutuwa ke raba zumunta, wannan kusan zagi ne. Muka zauna muka daidaita a kan cewa a bar taku biyu tsakani, a gaisa da baki, a dafa ƙirji. Wadda ta fi wuya ita ce maganar mutumin da ke ɗauke da cuta alhali bai ji komai a jikinsa ba. Wani dattijo ya bugo waya daga wani ƙauye ta hanyar Makango ya ce, "Ɗana, mutum ya ci sakwararsa, ya tafi gonar doyarsa ya dawo, wane ne zai ce masa ba shi da lafiya?" Na ce, "Baba, kun tuna kurkunu? Daga ranar da mutum ya sha ruwan tafki zuwa ranar da tsutsa ta ɓullo masa a ƙafa, tsakani nawa ne?" Ya ce shekara guda. Na ce, "To duk shekarar nan ai noma yake yi. Bambancin kawai, ita wannan tun tana ɓoye take tsallakawa jikin wani." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Na ji ka, ɗana."

Saƙon da muka fi maimaitawa shi ne a wanke hannu da sabulu a ƙarƙashin ruwa mai gudu. A farkon Afrilu gwamnati ta ce ta ɗauke wa kowa kuɗin ruwan famfo na wata uku, ta kuma rage kuɗin wuta. Niyya ce mai kyau, kuma mutane da yawa sun ji sauƙinta. Amma Maris da Afrilu su ne tsakiyar rani a nan. Garin da aka yi wa kirari da rijiya dubu a lokacin ne yake cika da mata da yara ɗauke da ruwan ɗorawar jarkokin nan da muke kira galan ɗin Kufuor, suna bin duk inda aka ce an ga ruwa. Wata mata ta bugo tana dariya ta ce, "Yayana, ruwan kyautar nan ta wane famfo yake fitowa? Namu dai iska yake hurawa." Kyautar ta faɗa wa mai mita a gida. Wadda ke sayen jarka daga mai babur mai ƙafa uku kuɗinta ta ci gaba da biya, ga kuma ƙarin wanke hannu da aka ɗora mata. Abin da ya rufa mana asiri bokitin Veronica ne, bokiti mai murfi da ɗan famfo a gindi da kwano a ƙasa, wanda wata masaniyar kimiyya 'yar Gana, Veronica Bekoe, ta ƙirƙira shekaru kafin korona. Ta ƙirƙire shi ne domin ta san akwai wuraren da ruwa ba ya gudu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Teloli ma ba su jira an kawo daga waje ba, suka hau ɗinka takunkumin fuska da guntayen atamfa.

Dokar kulle ba ta taɓa Salaga ba. Akra da Kumasi da kewayensu aka rufe, daga 30 ga Maris har makonni uku. Sai dai an sanar da ita daren Juma'a, ta fara aiki Litinin, kuma cikin kwana biyun nan tashoshin mota suka cika maƙil da 'yan arewa. Yarinyar da ke dako a kasuwar Agbogbloshie ko Kejetia, wadda abin da ta ɗauka yau shi za ta ci yau, take kuma kwana a bakin shagon wani, in ka ce mata ta zauna a gida sai ta tambaye ka wane gida. Gidan da ta sani yana arewa. A Ejisu jami'an tsaro sun tare manyan motocin kaya suka tarar da mata 'yan dako a ɓoye ciki, wasu da goyo, suna kan hanyar Walewale, aka mai da su inda suka fito. Dokar da aka yi don tsare cuta wuri guda sai ga ta ta tura dubban mutane kan hanya.

'Yar ƙanwar mahaifiyata na cikin waɗanda suka iso daga Kumasi a kwanakin. Unguwa ta fara ƙus-ƙus, maƙwabta suka janye 'ya'yansu daga ƙofar gidan. Inna ta share ɗakin baya ta sa ta ciki, ta ware mata kwano da buta, ta ce sai bayan mako biyu. Yarinya ta yi ta kuka, a ganinta korarta aka yi. Amma kullum bayan magariba Inna takan ɗauko kujerarta ta tsugunno ta ajiye nesa kaɗan da ƙofar, ta zauna tana ba ta labarin wanda ya yi aure da wanda ya haihu tun tafiyarta, har barci ya ɗauke su. Da na yaba mata ta ce, "Kai yaron nan, kana tsammani a rediyonku na koya? Haka iyayenmu ke yi wa mai ƙyanda. Ana raba kwano, ba a raba hira." Washegari na faɗi maganar a shiri ba tare da sunanta ba, kuma ta fi duk wata takardar sanarwa da na karanta a watan shiga kunne.

Rufe masallatai ne ya fi tayar da ƙura a layin wayarmu. Wasu suka ce ba a taɓa yi ba, wasu suka ce makirci ne. Babban Limamin Ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, dattijon da ya haura shekara ɗari, ya ce a bi doka a yi salla a gida, kuma maganarsa ta yi nauyi a zangunan Gana. Duk da haka mutanenmu sun so su ji daga limamin da ke ɗaura musu aure. Na gayyato ɗaya daga cikin malaman gari. Bai yi doguwar magana ba. Ya kawo labarin Sayyidina Umar da ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba, da umarnin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cewa kada a shiga garin da annoba ta sauka, wanda ke ciki kuma kada ya fita. Cikin minti goma muryoyin masu bugowa suka sauya. Azumin shekarar ba tarawihi a masallaci, tafsiri ya koma rediyo, sallar Idi ta 24 ga Mayu kowa ya yi da iyalinsa. Ranar 5 ga Yuni aka buɗe masallatai da sharaɗin mutum 100 da awa guda. Mutane sun haɗiye wannan duka, har da ƙirga kai a jana'iza, wanda ya fi komai ciwo.

Abin da ya warware haƙurin nan siyasa ce. A ƙarshen Yuni aka fara sabuwar rajistar masu zaɓe, layuka suka miƙe a kowace mazaɓa. A farkon Yuli mataimakin ministan ciniki, Carlos Ahenkorah, ya ajiye aiki bayan ya zaga wuraren rajista alhali gwaji ya nuna yana ɗauke da cutar. Kafin zaɓen 7 ga Disamba manyan jam'iyyun biyu duk sun tara jama'a kafaɗa da kafaɗa. A gefe guda ga doka da ta tanadi tarar da ta fara daga sidi 12,000 ko ɗaurin shekara huɗu zuwa goma ga wanda ya karya ƙa'ida, kuɗin da manomin doya zai iya shekara bai riƙe ba. Wani matashi ya tambaye ni a iska, "Malam, wai ita korona tsoron 'yan siyasa take ji ne? Ta san hanyar masallaci amma ba ta san filin gangami ba?" Daga lokacin takunkumi ya sauko haɓa, daga haɓa ya koma aljihu.

Akwai tambayar da ta fi wannan nauyi. A tsakiyar Afrilun 2020, lokacin da waɗanda korona ta kashe a faɗin Gana ba su kai goma ba, sanƙarau ya riga ya kashe mutum 40 a yankin Upper West kaɗai. Ɗan arewa ba ya bukatar a fassara masa sanƙarau. Tun 1906 ake rubuta ɓarnarsa a ƙasar nan. Yana zuwa da ƙurar hunturu ya tsananta da zafin bazara, yaro ya kwanta da ciwon kai, wuya ya sandare, kafin kwana biyu an rasa shi, ko ya tashi kurma. A annobar 1996 zuwa 1997 ya kama fiye da mutum 18,000 a arewacin Gana ya kashe fiye da 1,300, kuma mutanen Bawku har yau suna tuna ranin nan. Allurar MenAfriVac da aka yi mana a 2012 ta karya lagon nau'in da ya fi yin ta'adi, amma sauran nau'o'in suna nan. Masu sauraro suka ce, me ya sa ba a yi wa sanƙarau jawabin dare? Na ba su amsar da na sani gaskiya ce: korona sabuwa ce, ba jikin da ya san ta, tana yaɗuwa da sauri, kuma mun ga yadda ta durƙusar da asibitocin Italiya. Sun ji, amma abin da suke nufi daban ne, kuma shi ma gaskiya ne. Cutar da ta shigo ta filin jirgin Kotoka ta samu kwamiti da kasafi da jawabi cikin mako guda. Wadda ta shekara fiye da ɗari tana ɗibar 'ya'yan talakawan arewa sanarwar manema labarai take samu. A ƙarshen 2021 ma shawara ta ɓarke a yankinmu na Savannah, galibi a rugagen makiyaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 35 da suka rasu kafin ƙarshen Nuwamba. Cuta ce da allura ɗaya ke kare mutum daga ita har ƙarshen rayuwarsa. Allurar tana nan, ƙafar da za ta kai ta ruga ce ta makara.

Maganar iyaka ma haka ta kasance. Ranar 1 ga Satumba 2020 aka buɗe filin jirgin sama, mai dala 150 ta gwaji ya shigo abinsa. Iyakokin ƙasa kuwa sai 28 ga Maris 2022, shekara biyu cur. Wanda ya san Bawku ya san kasuwarta da Burkina Faso da Togo take numfashi, ta Kulungugu da Pulimakom, albasa da shanu da hatsi na shiga suna fita. Mutumin Yendi da Tatale yana da gona ko suruki a tsallaken Togo. Waɗannan ba su daina tafiya ba, domin ciki ba ya jiran a buɗe ƙofa. Sun koma bin hanyoyin daji a kan babura, suna biyan ninkin kuɗi, inda babu ma'aikacin lafiya ko ɗaya da zai ɗora musu ma'aunin zafi a goshi. Rufewar makonnin farko tana da hujja, don kowa a lokacin lalube yake. Amma da aka ja ta shekara biyu, sai ta kawar da matafiya daga idon hukuma, ta kuma koya wa matasa cewa doka abar kewayewa ce.

Ranar 24 ga Fabrairu 2021 Gana ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta karɓi rigakafi ta shirin COVAX, allurar AstraZeneca 600,000. Ranar 1 ga Maris shugaban ƙasa ya miƙa kafaɗarsa a gaban kyamara. Kafin allurar ta iso mana, saƙonnin murya sun riga ta. Hausa harshe ce da ba ta san iyaka ba, abin da wani ya naɗa a Kano ko Maraɗi da safe, kafin azahar yana wayar mai shayi a Salaga ta WhatsApp. Wai tana hana haihuwa, wai wanda ya yi ba zai shekara biyu ba. Ban taɓa yi wa mai bugowa da irin wannan dariya ba, domin tsoron yana da asali. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, 11 daga cikin yaran gwajin suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya yi sulhu da jihar Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan inna kusan shekara guda, cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama har da Gana, yaran da ba su ji ba su gani ba suka shanye. Ba a dawo da shi ba sai da aka kawo allura daga Indunusiya, aka kuma zauna da malamai da sarakuna. A nan gida ma, a 2015, hayaniyar jama'a da ta majalisa ta tsayar da gwajin rigakafin Ebola a Hohoe, saboda mutane a bakin 'yan jarida suka fara jin labarin.

Ni dai na je na yi tawa, washegari na shiga shiri na faɗi abin da ya same ni: hannu ya yi tsami, zazzaɓi ya kwana a jikina, da hantsi ya sake ni. Wani abokin aiki ya ce bai kamata in ambaci zazzaɓin ba, zan tsorata mutane. Da yamma wata tsohuwa ta bugo ta ce, "Jikana, duk wanda ya zo cewa yake ba a jin komai. Kai da ka faɗi zazzaɓin, kai na yarda da kai. Gobe zan je." Ga masu cewa cutar Turawa ce ko ta masu kuɗi kuwa, Kano nake nuna musu. A Afrilun 2020 masu haƙa kabari ne suka fara cewa aiki ya yi musu yawa, kafin hukuma ta ce komai. Daga baya ministan lafiyar Najeriya, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutuwa 979 a makonnin nan, kuma rabi ko fiye suna da alaƙa da korona. Littafin jama'a ya riga na hukuma buɗewa.

Adalci ne in faɗi abin da aka yi daidai. Masanan cibiyar Noguchi a Akra da KCCR a Kumasi sun riƙa haɗa samfurin mutane da yawa a gwaji guda don kayan aiki su isa, dabarar da ta sa Gana ta yi gwaji fiye da yawancin maƙwabtanta a watannin farko. Jirage marasa matuƙi na Zipline sun ɗauko samfuri daga karkara. Nas-nas da likitoci sun tsaya, wasunsu sun rasa rayukansu. A ƙidayar hukuma waɗanda korona ta kashe a Gana ba su kai 1,500 ba. Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A 2021 aka gano an ƙulla cinikin allurar Sputnik ta hannun wani dillali a Dubai a kan dala 19, alhali kuɗinta a masana'anta wajen dala 10 ne, ba tare da amincewar majalisa ba. A Janairun 2023 rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi ya nuna an tara sidi biliyan 21.8 da sunan korona, abin da aka kashe a kanta kai tsaye ya ɗan haura rabi, saura ya shiga cike giɓin kasafi. Asibitocin gunduma 88 da aka yi alkawari a Afrilun 2020, waɗanda suka zama shirin Agenda 111, yawancinsu wa'adi ya wuce ba a gama ba. Harajin korona na kashi ɗaya cikin ɗari kuwa an ci gaba da karɓarsa shekaru bayan an daina sa takunkumi. Mai sauraro yana ajiye irin wannan a ransa. Ranar da na sake zuwa masa da sanarwar gaggawa, da shi zai auna ta.

In ana neman misalin yaƙin da muka ci, ba sai an je nesa ba. Ina yaro na ga kawuna zaune a inuwa damina guda, ana naɗe masa kurkunu a tsinke kaɗan-kaɗan kowace safiya, gonarsa ta zama ciyawa. A 1989 an ƙirga kusan mutum 180,000 masu kurkunu a Gana, kuma ƙasar Gwanja ta gabas na cikin inda ya fi katutu. Ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Abin da aka yi shi ne a kowane ƙauye aka zaɓi ɗan sa-kai daga cikin mutanen ƙauyen, aka ba shi littafi da ƙyallen tace ruwa. Shi zai bi gida-gida ya nuna yadda ake tacewa, ya rubuta wanda ya kamu, ya roƙi mai ciwon kada ya tsoma ƙafa a tafki. Rikicin 1994 da ya ɗaiɗaita Bimbila da Yendi da Salaga ya mai da aikin baya, don ba a tace ruwa ana gudu. Aka sake ɗaura ɗamara. A 2007 ya sake ɓarkewa a Savelugu har tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya zo ya gani da idonsa. A Mayun 2010 aka ga na ƙarshe a Diare, a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Gana ta rabu da shi. Shekara 21 aka yi ana abu ɗaya, da harshen mutane, ta bakin maƙwabcinsu. Ɗan sa-kan unguwarmu ba ya da takardar makaranta mai yawa, amma in ya ce a tace, ana tacewa, saboda tare aka yi kaciya da shi, kuma gobe ma yana nan.

Ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama abin gaggawa na duniya. Bokitan Veronica da ke ƙofar shaguna tuni suka koma ajiyar gero da jiƙon wanki. Wata annobar za ta zo, tun da hanyar da ta haifi garin nan ba ta rufe ba, sai ma sauri da ta ƙara. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka abin da nake roƙo na yanzu ne. Sanarwar hukuma ta fito da Hausa da Gwanjanci da Dagwambanci da Kusasanci da Fulatanci a daren da ta fito da Turanci, kada a bar kowane gidan rediyo ya yi ta kansa. A zauna da limami da fasto da sarkin zango da magajiya da arɗo tun ana tsara doka, kada a neme su sai ta cije. 'Yan sa-kan ƙauyuka da ƙananan ɗakunan shan magani na CHPS a riƙe su da ɗan alawus da man babur a shekarun lafiya. A gyara ruwa. Kuɗin annoba kuma a karanta lissafinsa a rediyo yadda aka karanta dokokinta.

Mu ma jama'a akwai namu. Mun ɓoye marasa lafiya don gudun surutu, mun guji 'yan uwanmu da suka dawo daga kudu, mun tura saƙon murya ba mu san bakin da ya fito ba. Waɗannan ba gwamnati ce za ta gyara mana su ba. A nawa ɓangaren, da zarar Janairu ya kama nakan ware minti biyar a kowane shiri in karanta alamomin sanƙarau, ko an aiko da sanarwa ko ba a aiko ba: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, sandarewar wuya, amai, gudun haske, jariri kuma maɗigarsa ta kumbura. Wanda ya ga haka kada ya jira gobe, kada ya tsaya jiƙe-jiƙe, ya nufi asibiti a ranar, domin maganin yana aiki in an zo da wuri. A buɗe tagogi da dare, a rage cunkoso a ɗaki, a sha ruwa sosai. Mai karatu, in kana da ƙaramin yaro a gida, ka duba katin rigakafinsa yau. Allah Ya raba mu da mugun ji da mugun gani.